Lambobi Uku da Ƙanena Haruna

Na san kun sha tambayar mamarku abin da ya sa gidanmu da gidan babanku Haruna na Mahuta ba a shiga juna sai in mutuwa aka yi. Ita sai ta ce ku je ku tambayi ubanku, ku kuma ba wanda ya taɓa zuwa, don kun san halina, kafin a rufe baki na hau faɗa. Abin da kuka tsinta a bakin mutane ma na san shi: wai Haruna ya ci amanar kamfani, ya sa an kwashe taki a siton Dayi, ni kuma na tsaya a kan gaskiya ban rufa wa ɗan'uwana ba. Har yabona ake yi da maganar nan, shekara da shekaru, ni kuwa sai in sunkuyar da kai kamar mai tawali'u. To yau ga yadda aka yi, kuma kada wanda ya tsallake shafi don abin bai yi masa daɗi ba.

Shekarar da aka yanke mu daga Kaduna aka ba mu jihar Katsina, ina babban akawun sito a wani kamfani mai sayen auduga da raba takin zamani. Babban ofis yana Funtua, da sito ɗaya a can, ɗaya nan Malumfashi inda muke zaune, na uku a bakin titi a Dayi. Na Dayin Haruna ke riƙe da shi, ni na yi masa hanyar aikin. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekara shida na ba shi. Ran Litinin ya hau babur ya tafi, ran Asabar ya dawo, domin shi ne shugaban mawaƙa a cocinmu. Shi ke zaɓen waƙoƙin Lahadi, ya rubuta lambobinsu da alli a ɗan allon da ke rataye kusa da inda fasto ke tsayawa. Mutum ne mai sakin fuska, leburori ma kwano ɗaya suke ci da shi. Ni kuwa tun asali ban cika sakin jiki da mutumin da kowa ke so ba, ko da ƙanena ne. Haka Allah ya yi ni, in na ga mutane biyu sun yi shiru da na shigo, sai in kwana ina neman dalili.

A lokacin taki ya zama abin da ya zama, ana rububinsa, kuma yana ɓacewa a sito ba a san ta ina ba. Sai masu kamfani suka kawo wata dabara daga Kaduna. Aka kafa kamara a saman ƙofar kowane sito, aka ja waya zuwa wani akwatin ƙarfe da ke ofishin mai sito, a cikinsa akwai na'urar bidiyo tana ɗaukar duk wanda ya shiga ko ya fita muddin injin wuta na aiki. Kaset ɗaya yakan kai sati, don hoto-hoto take ɗauka, in aka kunna sai ka ga mutane na ta tsalle kamar fara. Akwatin ba shi da ɗan makulli. Maɓallai ne a jikin ƙofarsa, sai ka danna lambar sirri kafin ya buɗe ka cire kaset. Manajanmu, Alhaji Sule, ya ce ni zan riƙe lambobin duka ukun, tunda ni ke zagaya sito-sito kowace Litinin. Injiniyan da ya kafa su ya ja ni gefe, ya ɗaga mini yatsa kamar ya sami ɗan firamare.

"Malam Ishaku, kowane akwati da lambarsa daban, kowace mai alƙaluma uku. Duk Litinin ka buɗe da tsohuwa, ka sa sabuwa. Kada ka rubuta, ko a tafin hannunka. Kada ka sa shekarar haihuwarka ko lambar babur ɗinka. Kada ka gaya wa kowa, har da matarka."

Na ce masa batun shekarar haihuwa ya kwantar da hankalinsa, ni kaina ban san ta ba. Muka yi dariya. Amma da na dawo gida abin ya tsaya mini a rai. Lamba uku sababbi kowane sati, ba rubutu, ga kai cike da buhuna da motoci da rigimar leburori. Sati biyu na farko na yi ta bitarsu a zuci har a kan tuwo, mamarku ta yi ta magana ina kallon bango. A sati na uku na tsaya gaban akwatin Funtua, kai ya ɗauke cak. Na danna ta Malumfashi, na danna ta Dayi, na juya su gaba da baya, akwati ya ce bai san zance ba. Sai da aka aika Kaduna injiniya ya zo bayan kwana huɗu. Alhaji Sule bai kira ni ofis ba, a bakin sito ya tsare ni, gaban leburori da direbobi, ya ce in kan nawa ya daina riƙe abu in faɗa masa, akwai masu takarda da yawa a bakin ƙofa suna neman aiki. Na dawo gida cike da takaici.

Lahadin da ta biyo ina zaune a coci, hankalina ba ya kan wa'azi, sai idona ya faɗa kan allon Haruna. Lambobi uku, ɗaya a kan ɗaya: waƙar buɗewa, waƙar baiko da ake yi lokacin tara sadaka, waƙar rufewa. Na ce a raina, Ishaku, ga abinka nan a gabanka kana wahala. Ta buɗewa Funtua, ta baiko Malumfashi, ta rufewa Dayi. In lambar ba ta cika alƙaluma uku ba in sa sifiri a gaba. Ban rubuta ba, ban faɗa wa kowa ba, kuma ba zan manta ba, don waƙoƙin nan tun muna yara a garinmu Ƙarfi muke rera su, in na tuna muryar waƙa lambarta na biye. Na fito daga coci ranar nan ina jin ba mai wayo irina daga nan har Zariya. Wata huɗu na yi a kan haka ba tuntuɓe ko ɗaya, har Alhaji Sule ya fara cewa da ni babban akawu da murmushi.

Da ruwan farko ya sauka aka fara rabon taki. Wata Litinin na isa Dayi da hantsi, ni da direbanmu Ɗanlami. Na danna lamba, akwati ya buɗe lafiya lau. Amma kaset ɗin da na ciro ba wanda na sa ba ne. Nawa da rubutun hannuna a goshinsa, wannan kuwa sabo ne fil, da muka kai Funtua aka kunna ba komai a ciki. Washegari masu bincike suka shiga siton, suka ce layi guda na taki ya yi ƙafa. Leburori suka ce ranar kasuwar Dayi wata mota ta zo da tsakar rana, lokacin Haruna ya tafi cin abinci, an nuna musu takarda sun yi lodi. Takardar ba a gan ta ba, motar ba wanda ya riƙe lambarta. Akwatin kuma ba a fasa shi ba, ko ƙwarzane babu. Wanda ya buɗe, da lamba ya buɗe.

Aka ce za a zauna a kan maganar nan da mako guda. Makon nan ban bar kowa a zuciyata ba. Na fara da mamarku, Saratu, Allah ya ba ta haƙurin zama da ni. Na tsare ta ina tambaya ko ina magana cikin barci, in ina yi me nake cewa, kuma wa take ba labari a zumuntar mata. Ta dube ni ta ce minshari dai nake yi, in ana sayensa ta kai kasuwa. Na koma kan Ɗanlami, na tuna yadda yake bina har cikin ofis wai zai sha ruwa. Na koma kan maigadi, na koma kan injiniya. Amma ko ina na zaga sai in dawo kan Haruna. Akwatin a ofishinsa yake. In ina danna lamba yana tsaye a bayana yana ba ni labarin da ban tambaye shi ba. A watan nan ya cire bunun ɗakinsa ya sa kwano. Sannan babbar magana: sati uku a jere bai canza waƙar rufewa ba. Waƙar rufewa kuwa ita ce Dayi. Na ce shi ke nan, yaron nan ya gano ni, kuma ya tsayar da lambar wuri ɗaya don abokan cin mushensa su sami lokacin shiri. Na ji haushi har cikin ƙashina. Amma zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: a ƙarƙashin haushin nan akwai sanyi. In Haruna ne, to ba wautata ba ce, cin amanarsa ne.

Ban kira shi na tambaye shi ba. Wannan ita ce ta farko da za ku riƙe. Gida ɗaya muke, katangar zana ce tsakanin sashena da nasa, a makon nan kuma an ce ya zauna a gida, ya gaishe ni safe da yamma ina amsawa da ka. Sau biyu ya ce, Yaya, ina son mu yi magana, na ce ya bari sai mun je Funtua.

A ofishin Alhaji Sule aka zauna, da shi da mutum biyu daga Kaduna. Ni a kujera, Haruna a kan benci ta gefen ƙofa, hularsa a gwiwa. Suka tambaye ni ko na taɓa rubuta lambar, na ce a'a. Ko na taɓa gaya wa wani, na ce a'a. Duk gaskiya ne. Sai ɗaya daga mutanen Kaduna, wani siriri mai tabarau, ya ajiye bironsa.

"To ta yaya kake zaɓen lambobin?"

"Daga kaina, ranka ya daɗe. Duk wadda ta zo mini."

"In kana buɗe na Dayi, wa ke kusa da kai?"

"Haruna."

Alhaji Sule ya juya ya tambayi Haruna ko haka ne. Haruna bai dubi manaja ba, ni ya duba, ya daɗe yana dubana. Na kawar da kai ina gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Ina tsayawa kusa da Yaya. Amma ban taɓa akwatin ba."

Suka ce yana da abin da zai ƙara, ya ce babu. Saboda darajata, in ji su, ba a kira 'yan sanda ba. Aka karɓi makullan sito a hannunsa aka sallame shi. Mun dawo Malumfashi mota ɗaya, shi a baya kan buhuna, ni a gaba kusa da direba.

Labari ya riga mu isa gida. Kafin Lahadi dattawan coci sun kira shi sun ce ya ɗan huta da shugabancin mawaƙa har ƙura ta lafa, aka ba wani alli da allo. Inna, kakarku, tana tare da mu a lokacin, ƙafa ta riga ta fara ba ta wahala. Kun san ni ne ɗan farinta, tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Sai dai ta ce wannan, ko yayan Haruna, ko ta yi magana da bango in gane da ni take. Ranar ina zaune a tsakar gida ina wanke ƙafa, ta fito dafe da ƙyaure ta tambayi wa ya ce ɗanta ɓarawo ne. Ni da zafin kaina na fara jero mata hujjoji, har bakina ya suɓuce na ce ta tambaye shi ina ya sami kwanon rufi, kuma me ya sa ya maƙale wa waƙa ɗaya sati uku. Ba ta fahimci abin da waƙa ta yi a cikin maganar taki ba, amma ta amsa. Ta ce kwanon ragowar ginin surukinsa ne na Mahuta, a gabanta aka sauke shi daga amalanke. Waƙar kuwa ita ta roƙe shi ya yi ta sa mata, don ita aka rera ranar da aka binne mahaifinmu, kuma a watan ne ya cika shekara goma.

"Ishaku," ta ce, "me ka yi?"

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na tashi na shige ɗaki da ƙafa ɗaya a jiƙe. Amma kada ku ɗauka na karaya. Na ce a raina uwa ce, dole ta kare ɗanta, kuma ko da waƙar tata ce ai bai hana shi amfani da ita ba. In zuciya ta riga ta kama mutum, duk abin da aka kawo mata sai ta mayar da shi hujja.

Kafin a yi noman farko Haruna ya kwashe Ladi matarsa da yara suka koma Mahuta wajen danginta, aka ba shi aron gona. Ya shigo ya yi mini sallama, ya durƙusa kamar yadda ya saba, na ce Allah ya kiyaye hanya ban ɗago ba. Ni kuma, ku ji taurin kai, ban canza dabarata ba. Na ci gaba da ɗaukar lambobi daga allon coci. Ai ɓarawo ya tafi, me zan canza? In na canza, kamar na amsa wa kaina ne cewa laifin na allo ne.

Wata biyu bayan haka abin ya sake faruwa, wannan karon a siton Malumfashi, a ƙarƙashin hancina. Na tafi Funtua da safe, na dawo washegari, Litinin ta zo na buɗe akwati na tarar da kaset ɗin da ba nawa ba. Taki ya tafi, akwati lafiya lau. Haruna kuwa yana Mahuta, rabonsa da Malumfashi tun ranar da ya tashi, bai ga allon ba balle ya san abin da ke kai. Na tsaya riƙe da kaset ɗin nan. A nan na sani, sani na haƙiƙa, ba zato ba.

Da na dawo gida na kasa cin abinci. Mamarku ta kori yara waje, ta zauna a bakin gado. Ban taɓa gaya mata komai game da lambobi ba, amma ita ta fara.

"Malam, waƙar baiko ce ta nan Malumfashi, ko ba haka ba?"

Na ce wa ya gaya mata.

"Kai ka gaya mini. Ranar da na kawo maka abinci sito, kana danna abin kana rera ta a hanci. Sati na gaba na ji ka da wata, ita ma ta baiko. Ga shi a coci kana leƙen allo baki na motsi. Ni da ban yi boko ba na gane, balle masu nema."

Ashe haka nake yi. Wata shida ina yi wa duk mai kunne shela, a Funtua da Malumfashi da Dayi, gaban direba da lebura da maigadi da duk wanda ya shigo neman takarda. Littafin waƙoƙin kuwa kowane gidan Kirista akwai shi. Na tambaye ta don me ba ta faɗa mini ba tun da wuri, ta ce yaushe aka taɓa gaya mini abu na ji. Sannan ta ce gobe in tafi Funtua in faɗa wa manaja, daga can in wuce Mahuta.

Na tafi. Allah shaida ne na tafi da niyya. Na zauna a bencin ƙofar ofis, bencin nan da Haruna ya zauna, ina shirya maganar. In na faɗa, ba wauta kaɗai zan amsa ba, har da ƙaryar da na yi wa mutanen Kaduna ido da ido. Kora ce ba makawa, kuma wannan karon ba mai darajar da za a duba a ƙi kiran 'yan sanda. Gidan da muke ciki ta hanyar kamfani na same shi. Ku shida ne a lokacin, Rahila ta shiga kwalejin horon malamai, Yakubu na shirin sakandare. Na ce Haruna ai ya riga ya tafi, yana da gona, faɗar ba za ta dawo da abin da ya wuce ba. Masinja ya ce in shiga. Na shiga, Alhaji Sule ya ce yaya aka yi, na ce tamfol ɗin siton Dayi ya yage, ana bukatar sabo kafin ruwa ya yi ƙarfi. Ya rubuta. Na yi godiya na fito. Kada ku ce don ku na yi, ko da yake na daɗe ina gaya wa kaina haka. Tsoro ne, da kunyar a ce babban akawu ya kulle dukiyar kamfani da abin da ke rubuce a bango.

Maganar Malumfashi aka ɗora ta a kan na'ura. Injiniya ya zo ya ce wataƙila makullin na da lahani, aka rufe zance, ba wanda ya ce to a sake duba na Dayi. Na daina bin allo a ɓoye, na koma bita a zuci. Ba a yi shekara biyu ba na'urorin suka mutu ɗaya bayan ɗaya, injiniya ya daina zuwa, akwatin Dayi har kaza ta yi ƙwai a ciki. Wanda ya yi satar kuwa har yau ban san shi ba. Shekaru na yi ina zama a coci ina bin ƙeyar mutane da kallo, in ga wanda ya ɗaga kai ya dubi allo in ce ko shi ne. Ɗanlami ya rasu ina zarginsa, wataƙila kuma ba ruwansa. Daga baya aka zaɓe ni dattijon coci, cikin abin da aka faɗa a kaina har da cewa mutum ne da ba sani ba sabo a kan gaskiya.

A Mahuta kuwa suna ya bi Haruna. Cocin can ba su taɓa ba shi alli ba. Da Maryamu ɗiyarsa ta isa aure, mutanen farko da suka zo nema sun yi bincike suka janye, aka ce ɗiyar wanda ya kwashe siton Dayi ce. Inna ta bar gidana ta koma wajensa, a can ta rasu. Mamarku ba ta sake tayar mini da maganar ba, sai dai duk shekara in an yi girbi ta ɗaure ƙullin kaya ta hau mota zuwa Mahuta ba ta nemi izinina ba, ni kuma ban taɓa tambayar ina za ta ba.

Sai da aka aiko cewa jikinsa ya yi tsanani na je don kaina, ba don jana'izar wani ba. Na tarar da shi kwance kan tabarma a inuwar rumbu, ya rame, ciwon ya cinye shi. Ya yunƙura zai tashi ya gaishe ni na danne kafaɗarsa. Ladi ta kawo ruwa ta ajiye ba ta dube ni ba. Muka yi maganar damina da ta ciwo, har abin faɗa ya ƙare.

"Haruna, lambobin nan na akwati."

"Na waƙoƙi. Na sani, Yaya. Tun watan farko."

"Ka sani?"

"Sau biyu na so in ce maka ka daina rerawa, mutane na ji. Ka ce sai mun je Funtua."

Na tambaye shi to me ya hana shi faɗa a gaban manaja, tunda kalma ɗaya ta isa ta wanke shi. Ya juya yana kallon kajin da ke tsince-tsince a gindin rumbu.

"Ba nawa ba ne in faɗa. Kai ne babba. Na dube ka ina jira. Da ba ka faɗa ba na ce wataƙila gobe."

Ba da faɗa ya yi maganar ba, da ma ya yi. Na ce ya gafarta mini, ya ce ya daɗe da yi. Na ce zan tara 'ya'yansa in gaya musu, ya ce to. Suna nan cikin gidan a ranar, har Maryamu ta zo da goyo. Na duba ƙofar ɗakin da suke, na ce bari sai ya ɗan ji sauƙi in dawo mu yi a natse. Bai kai kaka ba ya rasu. Na je jana'iza, aka ba ni kujerar gaba, na yi addu'a, na dawo ban faɗa ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, yanzu ƙafar ta ƙi, ko bakin titi ba na kaiwa. Yakubu, kai ne babban namiji. Ka ɗauki wannan rubutun ka tafi Mahuta, kada ka aika, kada ka bari sai bayan raina. Ka tara Ladi da 'ya'yanta, ka roƙi fastonsu ya zo ya zauna, ka karanta musu da ƙarfi tun daga farko, ba ragi ba gyara. In sun gama ji suna da abin da za su faɗa mini, ka ce musu ina gida, ba inda nake zuwa.